Ku daina jifar wanda ya ci bursin karatun ƙwaƙwalwa



Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, yau kuwa sai mun faɗe ta. Duk ranar da labari ya fito cewa wani ɗan ƙasar nan ko wata ɗiyar ƙasar nan ta ci gasar bursi, za ta tafi waje yin mastar ko daktora a kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, murnar ba ta kai yini guda. Da safe kowa na rubuta "barka, Allah ya sanya alheri". Kafin la'asar, a fada da gurup-gurup na WhatsApp an fara yankan nama. Wannan ya ce ai PAC ne, dangi da abokai da sanayya, sai mai uwa a gindin murhu. Wancan ya ce mutane na neman tiyar hatsi, shi ya tafi leƙen ƙwaƙwalwar ɓera. Na uku ya kurɓi shayinsa ya ce: "Ku bar shi, ya tafi ke nan, sai dai mu ga hotonsa cikin ƙanƙara."

Wanda ake zagi bai ji ba, yana can yana neman biza. Masu ji su ne ƙannenmu da ke lise da ƴan shekarar farko a jami'a, waɗanda ke zaune gefen tabarma suna wanke kofunan shayi. Abin da suke ɗauka shi ne: kada ka nema, ba a ba irinka, in ma an ba ka, karatun banza ne, in kuma ka tafi, ka ci amanar ƙasa. Da bakinmu muke rufe musu ƙofar da babu wanda ya rufe.

Bari mu fara da maganar tiyar hatsi, don ita ta fi kama da gaskiya, kuma ita ta fi ɓarna.

Wai karatun ƙwaƙwalwa na masu ƙoshi ne. To mai faɗin haka, a wace ƙasa kake zaune? Nijar tana tsakiyar zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har Habasha. Sanƙarau kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne. Kowace shekara, daga lokacin ɗari da ƙura har faɗuwar damina, iyaye na cikin zullumi. A 1996 annobar ta kama mutum kusan 250,000 a zirin nan, ta kashe kusan 25,000. A 2015 ta dawo mana da wani nau'i, ta kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu, Yamai ta fi kowa jin jiki. Ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 jihar Damagaram ce ta gani. Kuma lissafin gawa ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya na iya fita da tabo na har abada: kurumta, farfaɗiya, mutuwar gaɓa, ko kai ya daina riƙe karatu. Kowa a cikinmu ya san wani kurma a unguwa wanda aka haifa yana ji.

Allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a gaba ɗaya a Burkina Faso, Mali da Nijar a watan Disamban 2010, wadda ta kusan share nau'in A daga zirin, ba daga sama ta faɗo ba. Wasu mutane ne suka share shekaru a ɗakin bincike, irin zaman da muke yi wa dariya. A nan Yamai ma akwai cibiyar CERMES da ta daɗe tana bin diddigin ƙwayoyin sanƙarau. Su wa kuke so su gaji aikin?

Sai masassarar sauro. Duk damina, a asibitocin Maradi da Damagaram da Tawa, ana kawo yara suna jijjiga, ido ya juye, ba su san wanda ke kansu ba. Cutar ce ta hau kai. An daɗe ana ganin yaran nan suna mutuwa ko bayan an ba su magani, ba a san takamaiman abin da ke kashe su ba. Sai a 2015 tawagar Terrie Taylor da ke aiki a Blantyre ta ƙasar Malawi ta nuna, da hoton na'urar IRM, cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke danne wurin da ke riƙe da numfashi. Wannan shi ne kimiyyar ƙwaƙwalwa. Ciwon ɗan talaka ne aka bincika, a ƙasar talakawa irin tamu.

Sai farfaɗiya. OMS ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon daidai an ba su magani, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Fenobarbital, ɗaya daga cikin magungunan, tun 1912 ake aiki da shi, kuma yana cikin mafi arha. Duk da haka, har yau in yarinya ta faɗi a kasuwa sai a watse a bar ta, wai kada miyanta ya taɓa mutum. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa. Wutar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da ita ce ke rikicewa na ɗan lokaci. Saboda rashin sanin wannan, an cire yara daga lakwal, an fasa aure, mata sun faɗa murhu sun ƙone.

Ban ma zo kan ɗan kabu-kabun da kansa ya daki kwalta babu hular kwano ba. Ban zo kan baba da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, bakinsa ya karkace ba. Ban zo kan tiramol da ke cin samarinmu a tasha ba. Ko ita yunwar da kuke kafa hujja da ita, ina take fara cizo? A kai. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, na jariri kuwa ya fi haka nesa. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki har yaye, su ne lokacin gininta. Yaron da tamowa ta kama a lokacin nan, ba tsawonsa kaɗai ke raguwa ba. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wa zai ce wannan ba maganar tuwo ba ce?

Yanzu ku dubi masu aikin. Alƙaluman OMS sun nuna cewa a ƙasashe masu arziki akwai ƙwararrun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kusan 7 ga kowane mutum 100,000. A ƙasashe matalauta, ƙwararre 1 ne ga mutum miliyan guda. Ninki 70 ke nan. Ciwon yana wurinmu, masanan suna wurinsu. Sai kuma in namu ya yunƙura zai je ya koyo, mu ce ya yi girman kai.

Wani zai ce: to a bar Turawa su yi binciken, mu sayi maganin. Hakan muke yi tun ƴancin kai, ga kuma inda muke. Ku ɗauki misali ɗaya. Gwaje-gwajen da aka fi amfani da su a duniya don gano ko tsoho ya fara ciwon mantuwa, suna sa mutum ya rubuta jimla, ko ya zana fuskar agogo, ko ya riƙa cire bakwai daga ɗari. Ka kai wannan wa wata kaka a Mayahi ko Matamai, wadda ba ta taɓa riƙe biro ba amma ta san sunan jikokinta talatin da bashin da kowa ya ci mata tun bara. Takarda za ta ce ba ta da lafiya. Sai wanda ya san kimiyyar kuma ya san Hausa, ya san Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci, zai iya gina gwajin da ya dace da mutanenmu. Lokacin da masana suka kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen Amurka a Indiyanafolis, sai da suka ƙirƙiro gwajin da ya dace da wurin, kuma suka tarar ciwon mantuwa bai kama mutanen biyu daidai ba. Abin da aka auna a jikin wasu ba dole ya zama namu ba.

Ko a cikin Afirka ma an bar mu baya. Wani nazari da aka buga a 2021, wanda Mahmoud Bukar Maina ya jagoranta, ya duba binciken ƙwaƙwalwa da aka yi a nahiyar nan cikin shekara ashirin. Ƙasashe biyar, Masar, Afirka ta Kudu, Najeriya, Maroko da Tunisiya, su suka kwashe kusan kashi uku cikin huɗu. Sauran ƙasashe kusan hamsin suka raba abin da ya rage. Mu muna cikin masu rabon ragowa.

Mu dawo kan PAC. Ba zan ce babu sanayya a ƙasar nan ba, kun fi ni sani. Mun ga aikin da aka raba tun kafin a liƙa sanarwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya tsorata. Amma ku tsaya ku dubi yadda manyan gasannin waje suke tafiya. Neurasmus, mastar ɗin ƙwaƙwalwa na shekara biyu ƙarƙashin shirin Erasmus Mundus, wanda jami'ar Bordo ke jagoranta. DAAD ta Jamus. Bursin gwamnatin Turkiyya da ake buɗewa farkon kowace shekara. Na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda Nijar mamba ce a cikinsa. TWAS da ke tura ɗalibai daga wata ƙasa mai tasowa zuwa wata, da OWSD da aka ware wa mata masu son daktora a kimiyya. A intanet ake cikawa, kuma waɗanda ke karanta dosiye ɗinka malamai ne da ba su san sunan kawunka ba, ba su ma san bambancin Tasawa da Tanut ba. Ɗan Bangaladash da ɗan Kolombiya da ɗan Ruwanda ne abokan takararka.

Mi suke dubawa? Makinka na lisans, shekara bayan shekara. Wasiƙar da ka rubuta da kanka, inda za ka faɗi tambayar da ke damunka da dalilin da ya sa wannan makarantar ce za ta taimake ka. Wasiƙun malamai biyu ko uku da suka san aikinka da gaske. Shaidar jin Ingilishi, don galibin karatun nan da shi ake yi, har a ƙasashen da ba yarensu ba ne. Wasu su ƙara da ganawa ta bidiyo, su tambaye ka abin da ka rubuta su ga ko kai ka rubuta. Wanda ya tsallake wannan duka daga Nijar, da wutar da ke ɗaukewa, da megas da ke ƙarewa tsakiyar aika takarda, da shekarar karatu da ke jan ƙafa, ya cancanci a miƙe masa tsaye. Da yawansu sai sun faɗi sau biyu sau uku kafin su ci. Faɗuwar ce ba sa sakawa a Facebook.

Rashin adalcin na nan, amma ba inda kuke nuna yatsa yake ba. Yana wurin labari: ɗan Yamai da yayansa ke waje ya san ranar buɗewa da ranar rufewa, ɗan Dakwaro ko Abalak bai taɓa jin sunan gasar ba. Yana wurin Ingilishi: jarrabawar TOEFL ko IELTS kan haura jaka 100, ga kuɗin fasfo, ga na fassara takardu. Yana wurin hannu: ɗalibin da ya gama lisans bai taɓa yin gwaji da hannunsa ba zai kara da wanda ya yi wata shida a ɗakin bincike. Yana wurin ƴan mata, waɗanda ko sun ci sai an zauna taron dangi kan ko za a bar su. Ƙari a kan haka, tun bayan 2023 hanyar Faransa da muka saba bi ta ƙuntata, kuma bursin Commonwealth da maƙwabtanmu na Najeriya ke nema ba mu cikinsa. In kuna son faɗa, ga abin faɗa nan. Zagin wanda ya tsallake ba ya ƙara wa kowa maki.

Saura magana ta uku: ba zai dawo ba. A nan ba zan yi muku ƙarya ba, da yawa ba sa dawowa, kuma zafin abin gaskiya ne. Talaka ne ya biya haraji aka koyar da yaron nan tun daga aji ɗaya har jami'a, ƙarshe wata ƙasa ta kwashi amfanin. Amma ku tambayi kanku: in ya dawo, ina zai sauka? Mai binciken ƙwaƙwalwa ba likitan da zai buɗe kilinik ba ne. Yana bukatar ɗaki mai wutar da ba ta yankewa, firjin da zai riƙe samfuri, madubin ƙara girma, kuɗin sayen sinadarai, da ɗalibai. In ya dawo ya share shekara biyu yana yawo da dosiye daga biro zuwa biro, ƙarshe ya koma koyar da darasin sa'a-sa'a don ya ci abinci, mun ci riba? Maƙeri ne muka kira gida, ba mu tanadi zugazugi ba, ba uwar maƙera, sannan muna zaginsa bai ƙera garma ba.

Ku tuna sunan da ke ƙofar babbar jami'armu. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, a Faris ya yi karatun kimiyyar fizik. Ya zaɓi binciken hasken rana a lokacin da mafi yawan ƙasar nan ba ta san lantarki ba. Da a fadarmu yake, da mun ce ga mahaukaci, rana da ke ƙona mu kyauta ita ya tafi karantawa. Ya yi aiki a Dakar, a Konakiri, a Bamako. Ya dawo gida a 1969 ya riƙe ONERSOL, hukumar makamashin rana, daga baya ya shugabanci jami'ar Yamai. Ku lura da abu ɗaya: akwai wurin da aka tanada ya sauka. Yau ku ɗaga kai ku ƙirga fano a kan rufin gidaje da bakin rijiyoyin lambu. Jami'ar Maradi ma sunan Dan Dicko Dankoulodo ta ɗauka, masanin kimiyyar sinadarai da ya yi karatu a waje ya dawo. Muna ɗaukar hoto a gaban sunayensu, muna jifar masu bin sawunsu.

Ba sai mun je nesa ba. Ku leƙa jihar Yobe, maƙwabciyar Diffa da Damagaram. Shi wannan Mahmoud Bukar Maina ɗan can ne. Ya yi daktora a jami'ar Sussex ta Ingila kan ciwon mantuwa. Bai yanke da Ingila ba, amma a 2021 aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a jami'ar jihar da ke Damaturu, da jagorancinsa, da goyon bayan gwamnatin jiha, da kayan aikin da ya samo ta hanyar mutanen da ya sani a waje. Yau ɗalibai na zuwa Damaturu koyon abin da da sai an hau jirgi. Yobe ma ta sha wuyar rashin tsaro kamar yadda Diffa ta sha. Abin da ta yi shi ne ta ba ɗanta ɗaki da amana. Kuma abin ba ya bukatar biliyoyi kafin a fara: ƙungiyar TReND in Africa tun 2011 take koya wa matasan nahiyar nan binciken jijiyoyi da ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, don kiwonsa ba ya cin kuɗi kamar na ɓera. Ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, har tallafi take da shi na masu komawa gida su kafa ɗakin bincike. Amma sai wata jami'a ta ce ga wuri, mun karɓe shi.

Saboda haka ga inda ya kamata surutunmu ya koma. Ma'aikatar ilimi mai zurfi da ANAB su riƙa fitar da duk wani gurbin karatu da ƙasashe suka ba Nijar a fili, da wuri, da sharuɗɗansa da sunayen waɗanda suka ci, har a rediyon jihohi. Hasken rana ne maganin zargin PAC. Jami'o'in Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa kowace ta ware ɗan biro guda da zai taimaka wa ɗalibai haɗa dosiye da koyon Ingilishin kimiyya. Inda ake da tsangayar kiwon lafiya, a fara da ƙaramin ɗakin binciken jijiyoyi ko da guda ɗaya ne, kusa da asibiti. Wanda ƙasa ta biya wa karatu ya sa hannu zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru, wannan adalci ne. Ita ma ƙasa ta sa hannu cewa kujerarsa da kayan aikinsa na jiransa. Alkawari ƙafa biyu gare shi. Tarayyar Afirka ta daɗe da sanya wa ƙasashenta burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu kan bincike. Tunda kullum ana maganar ƴancin kai da dogaro da kai, to ƙasar da ba ta iya binciken ciwon ƴaƴanta, ƴancinta da saura.

Kai kuma da ka ci, ko ke da kika ci, ba mu gama da ku ba. Kada ku jira sai kun zama farfesa. Tun kafin ku hau jirgi, ku tara ƙanne biyar ku nuna musu yadda kuka rubuta wasiƙar nan, inda kuka faɗi a karon farko, da ranakun da ake buɗe gasa. In kun isa, ku zaɓi tambayar da ke da tushe a gida in hali ya yi: sanƙarau, farfaɗiya, tamowa, masassarar da ke hawa kai. Ku riƙa yi mana bayanin abin da kuka koyo da yaren da inna za ta gane. Minti biyar na murya da Hausa kan abin da ake yi wa mai farfaɗiya in ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a janye wuta da ƙarfe daga kusa, kada a cusa masa cokali a baki, zai iya ceton wani kafin ku gama shekarar farko.

Mu kuma ƴan fada, gobe in an sake kawo irin wannan labari, a nemo lambar mutumin. A gayyato shi ya zauna, a zuba masa na farko mai ɗaci, a kira ƙannen nan masu wanke kofi su matso kusa da littafi da biro. A tambaye shi: yaya ka yi?

Ku tura wa duk wani ɗalibin likitanci, na kimiyyar halittu, na haɗa magani ko na lissafi da kuka sani. Allah ya ba masu nema sa'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.